Mai zanen gini: yadda aikin arshitek yake, da abin da mai shirin gina gida a Junju ya kamata ya sani

Da zarar an gama girbi sai a shiga lokacin gini. Kuɗi na zuwa daga Kwatano, daga Legas, daga Akra da Abijan, ana cewa a tada ɗaki biyu da zaure, ko a rushe tsohon soro a sa kwano. Mafi yawan wannan aiki tsakanin mai gida da magini ake gama shi, a zana layi da sanda a ƙasa, a kafa igiya, a fara haƙa. To amma akwai wani mai sana'a da aikinsa ke gaban na magini, wanda a nan Nijar ake kira arshitek, a Najeriya kuma akitek. Da Hausa mai zanen gini ke nan, ko mai tsara gine-gine. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa zama da shi ba, don haka bari mu duba yadda aikin nasa yake.

Wane ne shi a cikin masu gini?

Mutum huɗu ne ake yawan rikitawa. Magini shi ke aza tubali da hannunsa. Ɗan kwangila shi ke karɓar kuɗi, ya sayo kaya, ya ɗauki ma'aikata, ya miƙa gini. Injiniya shi ke lissafin nauyi, wato ƙarfe nawa ginshiƙi ke bukata, kaurin kankare nawa zai ɗauki bene. Shi kuwa arshitek, shi ke yanke shawarar yadda ginin zai kasance tun babu komai a filin: ina zai fuskanta, ɗaki nawa, faɗin kowane ɗaya, ta ina iska za ta shiga, ta ina ruwan sama zai fita, da me za a gina, nawa zai ci. Sannan ya bi aikin har ƙarshe don ya ga an yi abin da aka zana. A wurin aiki shi ne idon mai gida, shi ya sa bai kyautu ya zama shi ne kuma ɗan kwangilar ba, tunda mutum ba ya duba aikin kansa ya ce bai yi ba.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sarakuna na naɗa Sarkin Magina tun da daɗewa, kuma a Zariya har yanzu ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin a shekarun 1830, da bakunan laka da azara waɗanda masana daga ƙasashe da dama suka zo suna aunawa. Shi a kansa zanen yake. Na yanzu a takarda da kwamfuta yake ajiye nasa, ya sa hannu, ya buga hatimi, doka kuma ta riƙe shi a kan abin da ya sa wa hannu.

Karatun

Hanyar doguwa ce. Bayan an samu bak, ana yin aƙalla shekara 5 ana karatun zane, lissafi, tarihin gine-gine, halin ƙasa da siminti da ƙarfe, da dokokin tsara birane. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Nijar sun yi karatu ne a makarantar EAMAU da ke Lome a ƙasar Togo, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa tare a tsakiyar shekarun 1970, ana shiga ta hanyar jarrabawar gasa. Wasu sun yi a Maroko, Aljeriya, Tunisiya ko Faransa. A Najeriya sashen da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na cikin mafi daɗewa a ƙasar, kuma hukumar ARCON ce ke yi wa masu sana'ar rajista. A nan gida ma akwai ƙungiyar arshitek ta ƙasa, wadda sai mutum ya shiga kundinta kafin a ɗauki sa hannunsa a matsayin na arshitek. Mafi yawansu a Yamai suke zaune, saboda can ne ma'aikatu da manyan kwangiloli suke. Shi ya sa mutumin Junju ko Karakara ko Zabori ya fi haɗuwa da aikinsu fiye da su kansu: azuzuwan lakwal, gidan likita, ofisoshin da aka gina bayan Junju ta zama gunduma mai cin gashin kanta daga Gaya a 2011, duk irin waɗannan da zane aka zo da su.

Yadda yini yake wucewa

Mutane na ɗauka zane ne aikin daga safe zuwa yamma. Zanen kaso kaɗan ne. Mafi yawan lokaci a magana yake tafiya, da lissafi, da zirga-zirga.

Aiki na farawa da sauraro. Alhaji ya zo ya ce yana son gida irin wanda ya gani a hoto a waya, mai gilasai tun daga ƙasa har sama. Arshitek sai ya fara tambaya. Mata nawa ne a gidan? Ƴaƴa nawa, kuma nawa ne suka kusa girma? Tsohuwa za ta zauna tare da ku? A ina ake girki, da itace ko da gas? Ana kwana a tsakar gida lokacin bazara? Akwai awaki da tumaki? Baƙi maza a ina za su tsaya? Waɗannan amsoshi su ne ainihin gidan. Sau da yawa wanda ya kawo kuɗi ba shi ne zai fi zama a ciki ba, don haka arshitek na kirki yakan nemi ya ji ta bakin matan gida, su da za su yini a cikinsa. Hoton waya kuwa, a ƙasar da ake sanyi aka gina shi, in aka dasa shi a nan a watan Afirilu sai ya koma tanda.

Daga nan sai zuwa fili. A auna, a duba takardun mallaka, a tona rami a ga irin ƙasar, yashi ce ko laka mai kumbura ko marmara. A tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi in an yi mamakon ruwa, domin filin da ya yi kyau a rani yana iya zama hanyar ruwa a watan Agusta. Wannan tambaya ta fi nauyi a yankinmu, tunda ɓangaren Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, kuma a cikin Dallol Mauri ruwan ƙasa ba shi da nisa. Inda ruwa ke kusa, wurin da aka haƙa masai ma abin lissafi ne. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar kamar mita 30 tsakaninsa da rijiya.

Sai a zauna zane. Anan ne ake yin shawarwarin da ba sa cin ko dala amma su ke raba gida mai daɗin zama da gidan wahala. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, a rage tagogi a gabas da yamma inda rana ke dukan bango kai tsaye. Taga ta fuskanci taga don iska ta ratsa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, shi ya fi bukatar yaɓe mai kyau da rufin da ya zarce bango. A ɗaga daɓen ɗaki sama da hanyar waje. A san inda alƙibla take, gabas da ɗan karkata arewa, kada makewayi ya fuskance ta. Tsofaffin magina sun san yawancin wannan. Abin da ke faruwa shi ne, da bulo da kwano suka shigo sai aka riƙa mantawa da shi.

Bayan zane sai takardar ƙiyasi, wadda ke faɗin buhun siminti nawa, ƙarfe nawa, tifar yashi da tsakuwa nawa, ladan ma'aikata nawa. Nan ne ake yawan ɓatawa. Burin mai gida kullum ya fi aljihunsa, kuma arshitek ne ke da aikin faɗa masa haka. Farashi ma ba ya tsayawa. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 kayan da ke shigowa ta tashar ruwan Kwatano suka canza hanya da kuɗi, sannan a watan Oktoba 2024, bayan ambaliyar shekarar, gwamnati ta rage farashin siminti. Ƙiyasin da aka yi wata shida baya yakan zama sai an sake shi.

A cikin gari akwai neman takardar izinin gini daga ofishin magajin gari. Sannan a shiga wurin aiki, inda rabin ciwon kan sana'ar yake. Arshitek zai zo ya tarar an rage ƙarfe a ginshiƙi, ko an miƙar da buhu ɗaya mai kilo 50 ya fitar da bulo fiye da ƙima, har ana murza shi da yatsa yana zuba. Ko an zuba kankare an bar shi ya bushe a rana, alhali yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Ko ya tarar ƙanin mai gida ya sa an matsar da bango saboda shi haka ya fi so. Dole ya ce a rushe a sake, ga magini da ya girme shi, ga ɗan kwangila da ke ganin ana ci masa riba. Wanda ba ya iya faɗin magana mai ɗaci cikin ladabi ba ya daɗewa a wannan aiki.

Ladansa yawanci kaso ne daga cikin kuɗin ginin, ana biya kashi-kashi. Kuma a nan ƙasar gini yakan tsaya shekara biyu ko uku a daidai taga, mai shi ya koma neman kuɗi. In gini ya tsaya, ladan ma ya tsaya. Wani kuma ya karɓi zane ya ce zai yi shawara, ya kai wa magini, a gina, ba a sake jin duriyarsa ba. Saboda haka da yawa daga cikinsu ke haɗawa da koyarwa, ko aikin gwamnati, ko bin ayyukan ƙungiyoyin agaji.

Darasin Yama da Dandaji

Nijar ta yi suna a duniya a wannan fanni sau biyu, kuma duka biyun a jahar Tawa, duka biyun da ƙasa.

Na farko shi ne Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda mutanen garin Yama suka ba aikin masallacin Juma'arsu a 1962. Gari ne ya yi aikin, wani ya kawo ruwa, wani ya buga tubali, wani ya kawo itace. Daga baya ya sake rufin da bakuna da ƙubba, ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da kamanninta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gine-gine na duniyar Musulmi.

Ta biyu ita ce Mariam Issoufou Kamara. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da shi, sannan ta koma makaranta ta karanci zanen gini a Jami'ar Washington, ta gama a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai da sunan Hausa, Masomi. Ita da abokan aikinta sun gina rukunin gidaje da ake kira Niamey 2000, aka gama a 2016, gidaje masu bene da aka yi da tubalin ƙasa da inji ke matsewa. Amma aikin da ya fi dacewa da mu mutanen karkara shi ne na Dandaji. Garin na da tsohon masallacin laka, shi ma aikin Falke Barmu, ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, har ana batun rushe shi. Ita da wata abokiyar aikinta ƴar Iran, Yasaman Esmaili, suka kawo shawarar a gyara tsohon a mai da shi ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai ɗaukar mutum 1000. Aka kira magina da suka san tsohon ginin suka yi gyaran, sabon kuma aka yi shi da tubalin ƙasar wurin. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. A yau tana koyarwa a babbar jami'ar kimiyya ta Zurik a ƙasar Suwizalan.

Abin lura a labarin Dandaji shi ne yawan zaman da aka yi kafin a aza tubali, da dattawa, da malamai, da mata, da matasa. Mai da masallaci ɗakin karatu ba magana ce da ake yankewa a ofis a Yamai ba. Kuma babbar gardamar da masu irin wannan aiki ke sha ita ce ta ƙasa da siminti, domin a idon mutane da yawa ginin ƙasa alamar talauci ne, wanda ya je ci-rani ya dawo kuma so yake a ga bulo. Maƙwabcinmu Francis Kere na Burkina Faso ya sha wannan gardama a ƙauyensu Gando, lokacin da ya zo daga Jamus, inda yake karatu, ya ce da ƙasa zai gina makaranta. An gama ta a 2001, ya ɗaga rufin kwano sama da silin na tubali yadda iska ke wucewa tsakani tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, mafi girma a sana'ar.

Ƙasa, giginya da ruwa

A ganina, mu a nan bai kamata mu ɗauki ɓangare ɗaya mu rufe ido ba. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin bulo da kwano sanyi da rana, wannan kowa ya sani. Amma laka ba ta shiri da ruwan da ke kwanciya a gindinta, kuma ruwanmu ya fi na Tawa yawa. Maganar da arshitek ke yi ita ce a ba ginin ƙasa harsashi na dutse ko kankare da ya ɗago sama da ƙasa, a ba shi rufi mai kare bango, a gyara indararo kafin damina. Tubalin da inji ke matsewa, in an haɗa masa siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, yana jure ruwa fiye da tubalin hannu nesa ba kusa ba. Kakanninmu ma suna da nasu maganin, makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi na marina, da ake yaɓe bango da rufi da su.

Sai batun azara. Dajin giginya na Dallol Mauri na cikin manyan dukiyar yankin Gaya, kuma azararsa ta yi rufi a garuruwa masu nisa saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai giginya na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Azara ɗaya kuma ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kusan mita 2 in ba a tallafe ta ba, shi ya sa tsofaffin ɗakuna suke da ƙunci, shi ya sa kuma gwanaye suka ƙirƙiro baka da daurin guga don su faɗaɗa ɗaki. Ƙarancin itace ne ya sa tun farkon shekarun 1980 aka fara koyar da magina a Nijar ginin da ba itace, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ta tubali zalla. Salon na da kyau, amma yana son magini da aka horar da kula da yaɓe kowace shekara, musamman a inda ruwa ke da yawa irin namu.

Nauyin da ke wuyansa

Kuskuren tela a kan gyara shi, na mai gini kuwa kan mutane yake faɗowa. A watan Agusta 2023 wani sashe na masallacin Zariya da muka ambata ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. A farkon Satumba 2024 tsohon masallacin laka na Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa, a daminar da gidaje masu ɗimbin yawa suka zube a faɗin ƙasar. Waɗannan tsofaffin gine-gine ne da suka yi fiye da ƙarni a tsaye, kuma sun nuna cewa duba gini da gyara shi aiki ne da ba ya ƙarewa ranar da aka buɗe shi. A sabon gini kuwa, dokar da ƙasashenmu suka gada daga Faransa ta ɗora wa arshitek da ɗan kwangila alhakin ƙarfin ginin har shekara 10 bayan an miƙa shi. Wannan ne dalilin da zai sa ya ƙi sa hannu in an ce a ƙara bene a kan harsashin da ba a yi don bene ba, ko da mai gida zai yi fushi.

Ga ƴan uwa da ke aiko da kuɗi

Ɗaki ɗaya ko biyu na ƙasa, magini gwani ya isa, ba sai an je Yamai ba. Amma in bene ne, ko rufin kankare, ko masallaci, makaranta, shaguna, duk wurin da jama'a za su taru, a nemi arshitek da injiniya, ko aƙalla ma'aikacin gine-gine na gwamnati a Gaya ko Doso. A tambaye shi shaidar rajistarsa da ginin da ya taɓa yi, a je a gani.

Wanda ba shi da kuɗin gama gida a shekara ɗaya shi ya fi kowa bukatar zane, domin ana iya tsara gidan gaba ɗaya a takarda, a gina ɗaki biyu bana, biyu baɗi, ba tare da an zo ana fasa bango ko an toshe hanyar ruwa ba. A riƙe kwafin zanen da takardar ƙiyasi a hannu biyu, ɗaya wurin mai kuɗi, ɗaya wurin wanda ke tsaye a kan aiki. A riƙa sakin kuɗi mataki-mataki: harsashi, bango zuwa taga, ɗaurin sama, rufi. Kuma kafin a zuba kankare a kowane ginshiƙi, a ɗauki hoton ƙarfen da ke ciki a aika ta WhatsApp, domin da zarar an rufe shi babu mai sake ganinsa.